Layin ƙarfen da ya bar mazauninsa: yadda na auna gudun feshin SS 433

A bayan wata tsohuwar ambulan Malam ya rubuta mini aikin. Abu uku ne kacal: SS 433, Chandra, sai lamba 6.70. Ya miƙo mini ya ce, "Je ka nemo mini wannan layin. In ka same shi ka dawo." Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "To, ranka ya daɗe," na cusa a aljihun gaba, a raina ina cewa aikin mako guda ne. Sai da ya ci mini wata biyu da 'yan kwanaki.

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, ina kuma karatun digiri na biyu a gefe. Kafin wannan rana, eksire a wurina hoton ƙashi ne na asibiti, sai ɗan abin da nake koya wa 'yan aji shida daga littafi. Cewa akwai abubuwa a sama da ke fitar da irin wannan haske, na sani a ka, amma hannuna bai taɓa taɓa bayanansu ba.

SS 433 sunan rajista ne. A 1977 wasu masana taurari biyu a Amurka, Stephenson da Sanduleak, suka fitar da jerin taurarin da haskensu ke da wasu layuka masu ƙarfi, wato wuraren da hasken ya fi yawa in an baje shi kamar bakan gizo, wannan ya faɗo na 433. Yana cikin garken taurarinmu, ta wajen taurarin da ake kira Mikiya, nisan tafiyar haske ta kusan shekara 18,000. Abu biyu ne ke zagaya juna duk kwana 13: wani ƙaton tauraro, da wani ɗan dunƙulallen abu mai tsananin nauyi da akasarin masana ke ɗauka baƙin rami ne. Ƙaramin yana zuƙar jikin babban, abin da ya zuƙo ya kewaye shi kamar faifai, sannan daga tsakiyar faifan feshi biyu ke fita, ɗaya ta nan ɗaya ta can, baya da baya. Feshin kuma ba ya tsayawa ya fuskanci wuri ɗaya. Yana layi kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, ya kewayo ya dawo inda ya faro duk bayan kwana 162. Tun a 1978 da 1979 Bruce Margon da abokan aikinsa suka lura layukan haidirojin na wannan tauraro suna yawo, yau suna nan gobe sun matsa. Abin da Malam ke so shi ne in gano haka da hannuna, a hasken eksire.

Hasken eksire ba ya ratso iskar duniya, shi ya sa dole a kai na'urar sama. Chandra tauraron ɗan Adam ne na hukumar NASA, an harba shi a watan Yulin 1999. Abin da ya ba ni mamaki, duk wanda ya nemi a duba masa wani abu da Chandra, ɗan lokaci kawai yake riƙe bayanan shi kaɗai, daga nan a zuba su a rumbun da kowa ke iya ɗiba kyauta. Babu fom, babu takardar shaida daga wani shugaban sashe. Da ɗalibin da ke Boston da ni da nake zaune a kan tabarma da kwamfuta a cinya, ƙofa ɗaya muke shiga.

Shiga rumbun ba wuya. Wuyar tana wajen kayan aiki. Manhajar da ake sarrafa bayanan Chandra da ita, CIAO, a kan Linux ko Mac take aiki, don haka sai da na raba kwamfutata biyu na ɗora mata Ubuntu, wani nau'in Linux. Bayan ita akwai tarin fayilolin gyaran ma'auni masu nauyin gigabait da dama, waɗanda na saukar cikin dare uku da datar dare, sau biyu saukarwar tana yankewa a tsakiya. Sai XSPEC, wadda ake gwada lissafi da ita a kan bakan haske, wato hasken da aka baje bisa ƙarfinsa. Ita wannan sai kwamfutar ta haɗa ta da kanta, aikin awanni ne, kuma ana tsakiyar yi aka ɗauke wuta, batirin nawa da ba ya riƙe ko minti arba'in ya ce ga garinku nan. Washegari na ɗauki kwamfutar na kai shagon wani mai cajin waya, na biya kuɗin zama kusa da janareta, na zauna ina gyaran takardun jarrabawar yara har ta gama. Wannan ɓangaren babu ilmin taurari a cikinsa ko na anini, amma mako biyu ya tafi a nan.

Kallon da na zaɓa shi ne na watan Satumbar 1999, wata biyu kacal bayan harba Chandra. An tsayar da na'urar a kan SS 433 na kusan awa takwas, aka kuma sa mata raga mai tsaga haske a gaba. Wanda ya taɓa juya bayan faifan CD a rana ya ga launuka sun watsu, to aikin ragar ke nan: kowace ƙwayar haske a karkatar da ita gwargwadon ƙarfinta. A hoton da ya fito, tauraron ɗigo ne a tsakiya, sai zare biyu siri-siri da suka gitta juna a kansa kamar almakashin da aka ɗan buɗe. Zare ɗaya na haske mai matsakaicin ƙarfi, ɗaya na mai ƙarfi sosai. Na biyun nake bukata, domin can layukan ƙarfe suke.

Jami'ar MIT tana da wani shafi mai suna TGCat da suka riga suka tace irin waɗannan bayanai, mutum ya ɗauka kawai. Na ce wa Malam ko in ɗauko daga can. Ya ce, "Ka yi da hannunka tukuna. In ka gama sai ka ɗauko nasu ka ga ko kun dace." Na ji haushi a lokacin, amma na yi. Ashe ba bakan kaɗai ake fitarwa ba. Akwai fayil biyu da dole su raka shi: ɗaya na faɗin yawan hasken da na'urar ke iya kamawa a kowane mataki na ƙarfi, ɗaya na faɗin yadda take dusashe layi siriri ya fito da ɗan kauri. Karon farko na manta ban haɗa su ba, sai ga zane ya fito da tudu da kwari ko'ina, na yi ta murna na ga layuka. Halin na'urar nake kallo, ba na tauraron ba.

Da na haɗa komai daidai, sai ainihin bakan ya bayyana. A kwance ƙarfin haske ne, ana auna shi da keV, wato dubban elektiron-bolt. A tsaye yawan ƙwayoyin hasken da suka iso. Ɓangaren hagu, ƙasa da keV ɗaya, kusan babu komai, domin SS 433 yana kwance a cikin ƙura da iskar garkenmu, su kuwa suna shanye raunanan eksire kamar yadda hazon hunturu ke cinye fitilar mashin daga nesa. Daga nan zanen ya tashi, ya gangara a hankali zuwa dama, da 'yan tsinaye sun ɗago a kansa nan da can.

Abin da 6.70 ke nufi shi ne wannan. Ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe tana da elektiron 26. Idan zafi ya kai miliyoyin digiri da yawa, sai a fizge mata su har ya rage saura biyu, ko ɗaya. Mai saura biyu tana fitar da haske a daidai 6.70 keV, mai saura ɗaya a 6.97. Ƙarfen da bai sha wannan zafin ba kuwa, idan eksire ya haska shi daga waje, a 6.40 yake amsawa. Lambobin nan ba sa canzawa, ko a ɗakin gwaji ko a ƙarshen sama. Na ƙara girman wurin, na ɗora ɗan kibiyar kwamfuta a kan 6.70.

Wayam. Babu wani tsinin kirki a wurin.

Na sake tacewa daga farko, na sake, har sau uku. Na ɗauko na TGCat na kwatanta, iri ɗaya ne da nawa. Akwai ɗan ƙaramin tsini a 6.4. Akwai babba, wanda ya fi kowanne fitowa a wannan yanki, a wajen 7.27. Akwai wani marar tsayi can hagu a wajen 5.8. Amma inda aka aike ni babu kowa a gida. Kwana biyu ina zargin kaina, sai a dare na uku, ina kwance ina jin tireloli na wucewa a kan titi, abin ya faɗo mini, har na ji kunya, domin darasin da nake koyarwa ne duk shekara. Odar mota in tana nufo ka siririya ce, in ta wuce sai ta yi kauri. Feshin da ya karkato wajenmu dole layinsa ya matsa sama da 6.70, wanda ya ba mu baya nasa ya sauka ƙasa. Layin yana nan, gida biyu ya rabu. Malam kuwa ya san haka sarai tun ranar da yake rubutu a bayan ambulan.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sai na zauna in raba wa kowane tsini sunansa. Na 5.8 na ce ƙarfe ne mai saura biyu, daga feshin da ke gudunmu. Ana auna gocewa da harafin z: a raba ƙarfin asali da wanda aka gani, a cire ɗaya. 6.70 a raba da 5.80, z ya ba ni 0.155. Na 7.27 kuma, da na duba teburina, lambar da ta fi kusa da shi ita ce 6.97, sai kawai na ce shi ne mai saura ɗaya, daga feshin da ke nufo mu. z ya fito 0.041 ƙasa da sifiri. Na shaida wa XSPEC haka, ta ɗora tsinayen, suka zauna ɗas a kan bayanan, ma'aunin dacewa ya yi kyau.

Akwai wata dabara a lissafin da nake so mai karatu ya gani, domin ita ce daɗin aikin gaba ɗaya. Gocewar kowane feshi abu biyu ne suka haɗu: rabon da ya zo daga kusurwar da feshin ya yi da idonmu, da rabon da ya zo daga jinkirin agogon duk abin da ke tsananin gudu, wanda Einstein ya bayyana a 1905. Tunda feshin biyu baya da baya suke, kuma gudunsu ɗaya, rabon kusurwa na wannan kishiyar na wancan ne. In ka haɗa z ɗin biyu ka raba biyu, kusurwa ta kashe kanta, abin da ya rage jinkirin agogo ne zalla. Daga shi kuma gudu ke fitowa kai tsaye. Ba ka bukatar sanin nisan tauraron, ba ka bukatar sanin inda ya fuskanta.

Na haɗa nawa, na samu 0.057, gudu ya fito kashi 32 cikin 100 na gudun haske. Na san a rubuce-rubuce kashi 26 ake cewa. Maimakon in tsaya in yi shakka, sai zuciya ta fara raya mini ko na gano wani sabon abu ne, ko ranar feshin ya ƙara wuta. Na buga zanen a takarda mai launi, har da biyan kuɗin leda, na nufi ofishin Malam.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora bakin biro a kan tsinin 7.27 ya ce, "Wannan wa ka ce?"

"Mai saura ɗaya ne, ranka ya daɗe. Na 6.97."

"To ina yayansa?"

Na yi zuru. Ya ce a irin zafin da ke cikin wannan feshi ƙarfen nan biyu tare suke fitowa, mai saura biyun ma ya fi ƙarfi, kuma tunda feshi ɗaya ya ɗauko su gocewarsu ɗaya ce. "In wannan ne na 6.97, to lissafa mini inda na 6.70 zai faɗo." Na danna a waya: 6.99. Ya matsar da biron zuwa 6.99. Babu komai. "Yanzu juya. Ka ce wannan babban shi ne na 6.70. Ina ƙanen zai tsaya?" Na sake dannawa, z ya zama 0.078 ƙasa da sifiri, ƙanen ya kamata ya tsaya a 7.56. Ya ja biron dama. Ga shi nan, ɗan ƙaramin tudu, wanda ni da kaina na gani tun farko na ce hayaniyar na'ura ce na share.

Na ce, "Amma Malam, lissafin ya dace da bayanan."

Ya ce, "Kai ka ba ta suna, ita tsawo da faɗi kawai ta auna. Ko cewa ka yi zinariya ce za ta amsa maka." Ya miƙo mini takardata, ya ƙara da cewa kada in sake zuwa masa da layi guda. In koma ƙasa wajen silikon in ga ko za su ba da shaida iri ɗaya.

Wannan makon shi ne mafi daɗi a duk aikin. Silikon mai saura elektiron ɗaya mazauninsa 2.006 keV. Idan gocewar 0.078 gaskiya ce, ya kamata in same shi a wajen 2.18. Na rubuta lambar a takarda kafin in buɗe zanen, don kada ido ya yaudare ni, sannan na buɗe. Yana nan, tsaye ƙyam, ya ma fi na ƙarfen tsafta. Na yi wa sulfa haka, na yi wa magniziyam, kowanne na same shi inda lissafi ya ce ya jira ni. Na feshin da ke gudunmu sun fi rauni, sai an ƙura ido, wanda kuma ba abin mamaki ba ne: abin da ke gudu ya ba ka baya haskensa dusashewa yake yi. A nan ne kuma na koyi cewa idan ƙwayoyin haske ba su da yawa a kowane gurbi, ma'aunin dacewar da aka saba da shi ƙarya yake shirgawa, sai a koma ga wanda Webster Cash ya tsara a 1979. Da na canza, lambobin suka daina rawa.

Na sake haɗawa: 0.155 da 0.078 na ƙasa da sifiri, a raba biyu, 0.0385. Gudu ya fito kashi 27 cikin 100 na gudun haske, wajen kilomita 81,000 a daƙiƙa guda. Abin da ke irin wannan gudun zai kewaye duniya sau biyu kafin ka ce "ɗaya". Herman Marshall da Claude Canizares da Norbert Schulz, waɗanda suka fara nazarin wannan kallon suka wallafa a 2002, 0.27 ɗin nan suka samu. Ban gano sabon abu ba. Amma na daɗe ina kallon 0.0385 a kan takarda. Shekara nawa ina rubuta wa yara a allo cewa agogon mai gudu yana jinkiri, ina ba su misalin tagwaye da jirgin da babu shi, wasu su yi dariya, ni kaina ina faɗa ne don haka littafi ya ce. Ga shi yanzu a gabana, ya fito daga ragowar lissafi biyu: duk awa guda tamu, agogon ƙwayar ƙarfen da ke cikin feshin nan yana baya da minti biyu da 'yan daƙiƙu. Uwargida ta leƙo ta ga na zuba wa takarda ido, ta ce, "Maigida, lafiya? Ko albashi ne bai shigo ba?" Na ce mata ƙarfe na samu. Ta ce in mai yawa ne a kira 'yan gwangwan.

Ragowar bayanan da layukan suka bayar sun zo da sauƙi. Bambancin z ɗin biyu ya nuna feshin ya yi kusurwar kusan digiri 65 da layin ganinmu a ranar. Kaurin layukan ma magana ne. A wajen ƙarfe ba a rarrabewa sosai, domin dusashewar na'urar kanta ta kai wajen elektiron-bolt 40, kusan daidai da kaurin layin. A wajen silikon kuwa na'urar ta fi kaifi, sai kaurin gaskiya ya fito, wanda ya yi daidai da bambancin gudu na kusan kilomita 1,700 a daƙiƙa. Ma'anarsa feshin yana buɗewa kaɗan-kaɗan yayin da yake tafiya, buɗewar da ba ta wuce digiri ɗaya da ɗoriya ba. Siriri ne ƙwarai. Kasancewar ƙarfe mai bukatar zafin digiri miliyan goma-goma da magniziyam mai bukatar ƙasa da haka duk suna gudu ɗaya, ya nuna iska ɗaya ce, ta fito da zafi daga gindi tana hucewa a hanya. Na ɗauko wani kallon na wata shekara, lokacin da katantanwar ta juya wani gefe. Layukan sun matso kusa da juna, amma matsakaicinsu bai yi nisa da inda yake ba.

Daga nan sai karambani ya kama ni. Na ce tunda dabarar ta yi aiki, bari in gwada ta a kan GRS 1915+105, wanda ya fi SS 433 suna wajen gudun feshi. Shi ma yana wajen taurarin Mikiya, tauraron ɗan Adam na Rasha mai suna Granat ya gano shi a 1992. A 1994 Félix Mirabel da Luis Rodríguez suka bi shi da tarin faya-fayan rediyo na VLA a Amurka, suka ga dunƙulen feshinsa na tafiya a sama kamar ya fi haske gudu. Ruɗin ido ne da kusurwa da tsananin gudu ke haifarwa, kuma shi ne karo na farko da aka ga haka a cikin garkenmu. A lokacin sun ƙiyasta ainihin gudun kashi 92 cikin 100 na haske. Na ce lallai a nan layukan ƙarfe za su yi tsalle mai nisa. Na kashe datar dare biyu na saukar da kallonsa na Chandra.

Babu tagwayen layuka ko alamarsu. A wani kallon ma ba tsini na gani ba, rami ne siriri a dab da 7 keV: ƙarfe mai saura ɗaya yana shanye haske maimakon fitarwa. Da na kai wa Malam sai ya yi murmushi ya ce aƙalla wannan karon ban laƙaba wa kowa sunan wani ba. Ya nuna mini aikin Joseph Neilsen da Julia Lee na 2009. Wannan ramin iska ce mai zafi da ke tashi daga saman faifan, gudunta wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa, tafiyar kunkuru in an gwada da feshi. Abin da suka lura shi ne iskar da feshin ba sa son haɗuwa. Lokacin da eksiren tauraron ya yi tauri, wato masu ƙarfi suka rinjaya, feshi na fita, kuma layin ƙarfe mai faɗi ake gani. Lokacin da ya yi laushi, faifan ya yi haske, sai iskar ta taso, feshin ya mutu. Suka ce iskar ce ke kwashe abincin da da feshin zai samu.

Haka abin yake a Cygnus X-1, baƙin ramin da aka fara amincewa da shi, mai nauyin rana 21 bisa awon 2021. Yana da feshi, ana ganinsa a rediyo, amma layin ƙarfen da ke bakansa na faifai ne. Eksire daga iska mai zafi da ke kusa da ramin yana haska faifan, ƙarfen ciki ya amsa, sai juyawar faifan da jan nauyin ramin su miƙar da layin ya yi faɗi, da doguwar jela ta gefen ƙasa. Daga siffar jelar ake lissafa kusancin faifan da bakin ramin. Aiki ne mai kyau, amma ba ya gaya maka abin da ke cikin feshin.

Sai a nan na fahimci dalilin da ya sa Malam ya fara ni da SS 433. A yawancin irin waɗannan taurari feshin haske ne marar layi, na elektiron da ke murɗawa a cikin maganaɗisu, kuma irin wannan haske ba ya faɗin ko akwai ƙwayoyin zarra masu nauyi tare da su. A 2013 an ba da rahoton layukan ƙarfe da nikel daga feshin wani mai suna 4U 1630-47, amma wasu masanan da suka sake dubawa sun yi jayayya. A SS 433 babu gardama. Abin da yake zuƙa ya fi ƙarfin abin da zai iya haɗiyewa, faifan ya kumbura ya rufe tsakiyar, har ya zama akasarin eksiren da ke iso mu daga feshin kansa yake. Ga ƙarfe, ga silikon, ga sulfa, kowanne da sunansa, ana jifa da su a sama da rubu'in gudun haske. A ganina duk wanda zai koyi karatun bakan eksire da nan ya kamata a fara shi, ko da sauran sun fi shi suna, domin a nan in ka yi kuskure layin da ke gefe zai tona ka.

Ranar da na gabatar da aikin a gaban 'yan sashenmu, wata ɗaliba da ke bayana da shekara ɗaya ta ɗaga hannu. Ta ce ta ga duk layukan sun goce, har a zane na biyu sun sake wuri, amma ɗan ƙaramin nan na 6.4 yana nan inda yake a duka biyun. Na ce mata ƙarfe ne marar zafi sosai, kuma ba ya cikin feshin, wani abu ne a gefe da hasken ke faɗa wa. Ta ce, "Wane abu? Faifan ne, ko iskar da ke tashi daga kansa, ko babban tauraron?" Na buɗe baki, na dubi Malam. Shi kuma ya riga ya zaro wata ambulan daga aljihu yana rubutu a bayanta.

Da muka fito ya miƙo mini. Ya rubuta 6.40, a ƙasa kuma kwana 13. Ya ce duk zagaye babban tauraron yana shiga tsakaninmu da faifan ya tare shi, don haka in tattaro duk kallon da ke rumbu, in jera su bisa matsayin zagayen, in ga ko layin yana raguwa lokacin husufin. Ya ce akwai kuma XRISM na Japan da aka harba a Satumbar 2023, wanda ke rarrabe layuka har zuwa elektiron-bolt 5 a daidai wannan yanki, in sa ido a kan rumbunsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuma na mako nawa ne?"

Ya ce in fara sayen batiri.